Ƙafar Duna

Ranar da aka dawo da Duna daga Zariya, Shitu ne ya rungumo shi daga cikin mota har tsakar gida, ƙafarsa ta baya an aske ta tas, ga ɗinki ya bi gwiwa kamar bakin buhu. Baƙin kare ne, shi yake gadin gonar Shitu da ke bayan Ƙarfi. Ya bi awakin da suka shiga shuka ne, ya tsallake kwazazzabo, ya dira ba daidai ba, jijiyar gwiwa ta tsinke. Mutane sun yi ta mamakin a ce an kai kare tiyata, Shitu kuwa ko a jikinsa.

Matsalar ita ce Shitu direban tirela ne, masara yake ɗauka daga Funtua zuwa Legas, kuma an riga an yi masa lodi.

"Rabi, amana zan bar miki," ya ce da matarsa.

"Haba Malam, ni da ko kwanonsa ban taɓa taɓawa ba?"

"Na sani. To wa gare ni?"

Gaskiyarsa ce. Tun da aka kai 'yarsu Nana ɗakin miji a Bakori, gidan ya rage su biyu, sai kaji. Shitu ya rataya jakarsa ya fita, karen ya yunƙura zai bi shi, ya koma ya kwanta yana nishi.

Washegari likitar dabbobi ta zo daga Funtua a kan babur. Nwamaka sunanta, haifaffiyar Funtua ce, Hausa a bakinta ba gargada. Ta sa aka share ɗakin ajiyar buhuna aka shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ta fasa gindin bokitin roba ta zura wa Duna a wuya don kada ya lashi ɗinkin.

"Maman Nana, aikin likita ya ƙare, saura naki," ta ce. "Ba gudu, ba tsalle. Ko bayan gida zai yi, da igiya. Ki riƙa gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, sannan ki lanƙwasa ƙafar a hankali ki miƙe ta. In kika bar ta, sandarewa za ta yi."

Da farko leda Rabi take ɗaurawa a hannu kafin ta taɓa shi, tana kau da kai. Duna ya yi gurnani, ita ma ta ja da baya tana salati. Amma ledar santsi take yi, ƙafar tana zamewa, sai wata safiya ta cire ta jefar. Ta ji ɗumin fatar a tafin hannunta, ta ji yadda naman cinyar ya zube saura ƙashi. Tana gamawa ta wanke hannu da sabulu ta koma kan tukunyarta.

Damina ta kankama. Aka cire zaren ɗinki, aka cire bokitin. Rabi ta fara zagaya tsakar gida da shi, daga bakin rumbu zuwa gindin rijiya, yana tafiya da ƙafa uku, ta huɗun a rataye. Nwamaka ta ce ta rage sauri, don in ana sauri ba zai taɓa taka ta ba. Sai Rabi ta koma tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa, tana yi masa hira don kada ya ja igiya. Ta gaya masa Nana ta yi waya, laulayi ya sa ta gaba. Ta gaya masa taki ya yi wuya bana. Wani lokaci ta ce, "Mai gidanka ko ya ci abinci yau, oho."

Gidansu ba nisa da titi. Duk sanda babbar mota ta rage gudu, Duna sai ya ɗaga kunne ya zuba wa zaure ido. Rabi takan yi masa tsawa, alhali ita ma ta dakatar da tankaɗe tana saurare. Motar ta wuce, su koma abin da suke yi.

Shitu yana kira in ya samu sarari. Daga Legas aka juya shi Fatakwal, daga can motar ta lalace a wani gari da Rabi ba ta iya faɗin sunansa ba, ana jiran kayan gyara.

"Ya taka kuwa?" kullum ita ce tambayarsa.

"Yana dangwalawa."

"Ke fa?"

"Lafiya lau," ta ce, tana jin ƙarar motoci ta wajensa. Tana so ta ce masa gyaɗa ta yi fure, kuma har yanzu tuwon mutum biyu take tuƙawa don hannunta ya ƙi koyon na mutum ɗaya. Ba ta faɗa ba.

Da likita ta ba da izinin fita waje, Rabi ta yafa mayafi ta ja igiya ta bi hanyar rafi. Matan unguwa suka leƙo. Wata ta ce, "Rabi, kin zama mafarauciya ke nan?" Ta ce, "Jinya nake yi," ta wuce. A rafi takan shigar da shi inda ruwa ya kai masa ciki, su yi ta tafiya, ruwan yana ɗauke masa nauyi. A nan ne ta fara ganin yana tura ƙafar da gaske. Da suka fito kan yashi ta waiwaya, ta ga sawu huɗu, na huɗun bai nutse kamar sauran ba, amma yana nan. Ta daɗe tsaye tana kallo, ba wanda za ta nuna wa.

Shitu ya ce zai zo kafin a karya masara. Aka karya masara bai zo ba, ƙaninsa ne ya tsaya a kan aikin. Nwamaka ta zo dubawa ta ƙarshe, ta matsa gwiwar, ta lanƙwasa, ta ce jijiya ta kama, ɗingishin kaɗan ne zai rage masa, sai dai in an yi sanyi ciwon ya ɗan motsa.

Da yammar ranar Rabi ta kai shi gona. Dawa ta yi kai, karan masara a zube. Ta kwance igiyar. Duna ya tsaya yana dubanta kamar bai yarda ba, sannan ya fara sassarfa a tsakanin kunyoyi, ya ƙara sauri, ya kori wasu kurciyoyi, ya tsaya yana haushi.

Ta kira Shitu, sai a karo na biyu ya ɗauka.

"Malam, saurara," ta ce, ta ɗaga wayar sama wajen karen.

Da ta mayar kunne ta ji yana dariya.

"Gudu yake yi?"

"Gudu yake yi. Ya warke."

"Allah ya saka miki, Rabi. An gyara motar, lodi ɗaya ya rage mini."

"To ka zo a yanke dawa da kai," ta ce. "Na gaji da yi wa kare hira."

Ya ce in Allah ya yarda. Layin ya yanke. Ta zauna a kan kunya, ta bar karen ya yi ta zagaye har rana ta yi ja, sannan ta kira shi suka kama hanyar gida.