Gyaɗa Biyar a Kan Hoton Babandi

Da Iveren ta dawo hutu daga jami'a da aikin bincike, Babandi ne ya liƙe mata a matsayin tafinta, don duk kasuwar Lafia ba yaren da ba ya tsoma baki a ciki. Aikin ba wuya. Za ta nuna wa mutum hotunan waɗanda bai sani ba, ya auna su da gyaɗa: ƙwaya ɗaya ga wanda bai yarda da shi ba sam, biyar ga wanda zai iya bar wa shago. Daga baya ta haɗa lissafi, ta gano me ido ke tsinta a fuska.

Gogan naka kuwa ya cusa nasa hoton a ciki ba ta sani ba. Kwat na aro, tabarau na aro, baki rufe ruf. Ya ja ta sai rumfar Gwaggo Batulu mai gishirin garin Awe, mariƙiyar Sailuba budurwarsa. Gwaggon ta rantse wannan sarkin surutun ba zai taka mata zaure ba.

Gwaggo ta fara rabo. Wani mai gashin baki ya samu ɗaya, wai idonsa na ɓarayin doya ne. Da aka zo kan mai kwat, ta daɗe tana kallo. Ta jera biyar.

"Ga mutum," in ji ta. "Irin wannan nake wa Sailuba fata, ba kai ba."

Babandi ya yi tsalle har ya ture kwanon awo.

"Gwaggo, ni ne fa. Wallahi ni ne. Sista, rubuta, biyar ta ce, kimiyya ta shaida."

"Abeg, don Allah, ka ɓata mini samfur," in ji Iveren, tana dariya har da riƙe ciki.

Gwaggo ta kai hoton dab da hanci, ta dube shi, ta dubi mai shi. Ta ɗauke ƙwaya ɗaya ta jefa a baki. Ta ƙara ɗaya. Babandi ya ga makinsa na tafiya ciki, ya kame bakinsa da hannu biyu.

Ta tsaya a uku.

"Ashe bakin yana rufuwa," ta ce. "Ka zo gida ran Juma'a. In ka kai la'asar a haka, sai mu yi magana."