Yatsu Huɗu

"Ai ba sai ta iya ba. Ta riƙe wayar kawai, ta yi murmushi."

Ina tsugune a tsakar gida ina wanke tukunya na jiyo yayana Sharhabil ya faɗi haka ta tagar ɗakinsa. Waya yake yi da wani Kabir, ma'aikacin kamfanin lemon Tsawa. Ban san da wa suke ba, amma maganar ta zauna min a rai.

Shekara biyu ke nan ina buga wasan harbi na waya a tim ɗin Yaya, Zakunan Dosa, mai sunan unguwarmu. Mu huɗu ne, sauran biyun ba su taɓa ganina ba. Sunana a wasan Ƙaya. Kowa yana buɗe makirfo yana ihu, "Ga shi bayan mota! Ku tashe ni!" Ni nawa a rufe yake. I'ina gare ni, kuma 'yan wasa ba su san tausayi ba. Akwai wani ɗan Katabu da suka yi ta kwaikwayon muryarsa har sai da ya goge akawun ɗinsa.

Da yatsu huɗu nake bugawa, manya biyu a ƙasa, manuniya biyu a saman gilashin. Duk mai kallon bidiyon wasana ya san haka, tunda a can sama na jera maɓallan harbina.

Da muka ci gasar unguwanni, Tsawa suka ce za su ɗauki nauyinmu. A wajen zama da su ne Yaya ya yi suɓutar baki cewa Ƙaya mace ce. Nan take suka ce a kawo ta a ɗauke ta hoton talla. Wannan ma a guruf ɗin 'yan wasa na karanta. Na goge hijabina mai ruwan toka na rataye a bayan ƙofa. Kwana biyar yana nan, ba wanda ya ce min uffan. Ni ma ban tambaya ba.

Ranar Laraba hoton ya fito. Harira ce, ƙanwar abokin Yaya da ke unguwar Doka, ta ɗora rigar Tsawa a kan abaya, ga kwalba a gefe, ga waya a hannu, ga murmushin. A ƙasa an rubuta: ƘAYA, SARAUNIYAR DOSA.

Ko awa ɗaya ba a yi ba guruf ya kama da wuta.

"Wannan ce Ƙayar? Yatsa biyu kamar mai tura wa saurayi saƙo?"

"Da wannan farcen za ta harbe ni sau tara?"

"Sharhabil, kai da Allah, a ina ka aro ta?"

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Sai na ci gaba da karantawa, dariyar ta tsaya. Sun fara cewa Ƙayar ma bogi ce, manhajar maguɗi ce ke mata harbin. Wani ya ce a kai ƙarar akawun ɗin a rufe shi. Akawun ɗin da na gina da ragowar datar Umma, ina laɓe a bayan tankin ruwa inda sabis ya fi ƙarfi.

Bayan la'asar Yaya ya shigo da kwalbar Tsawa biyu masu sanyi. Bai saba sallama a ɗakina ba, ranar ya yi.

"Zuwaira ta gidanmu, gwanar gwanaye," ya ce yana zama a bakin katifa. "Kin ga abin da 'yan hassadar nan suke yi ko? Kabir ya ce ran Asabar a yi wasa kai tsaye a Doka, kowa ya gani da idonsa. Harira za ta zauna a gaba da waya. Ke kina cikin mota a waje, wasanki za a haska a allo. Gobe za ta zo ki koya mata riƙon yatsu huɗun, riƙon kawai."

Na kife wayata a kan filo. Ya matso kusa ya sassauta murya.

"Ke na rufa wa asiri fa. Kin san halin mutanen nan. Kina so su maida ke abin dariya?"

Ya buɗe min kwalba ya miƙo. Ban karɓa ba. Idona yana kan hijabin da ke bayan ƙofa, har yanzu karin gugar bai baje ba. Kalmar farko ta maƙale min a wuya kamar kullum. Yaya ya buɗe baki zai ƙarasa min, yadda ya saba tun muna yara. Na ɗaga masa hannu. Ya jira.

"Yaya," na ce, "su ne suka ji labarina suka ce ba sa so, ko kai ne kake jin kunyar a san ni ce ƙanwarka?"