Yadda Kaka Ya Hau Allo

Ajin rubutu na ranar Laraba ba shi da girma: yara goma sha biyu, Malama guda, da allon da ya tsage a gefe. Ba su rasa takarda ba, ba su rasa surutu ba. Kalmomi ne suka yi musu ƙaranci. Komai a wurinsu "mai kyau" ne, in ba haka ba kuma "marar kyau". Ko Auta, wadda a gida sai an roƙe ta take yin shiru, da ta ɗauki biro sai bakin ya mutu.

Malama ba ta cika ɓata aikin yara da jan biro ba. Dabararta daban ce. Mai rubutu zai miƙe ya karanta, wani yaro da ake kira Fensir kuma ya tsaya gaban allo ya zana abin da kunnensa ya ji, ba ƙari ba ragi.

A wannan zangon aka ce kowa ya rubuta wani abu game da mutumin gidansu, waɗanda suka yi fice za a karanta su ranar iyaye. Auta ta zaɓi kakanta, tsohon tela. Tun kafin ta rubuta layi ɗaya ta riga ta yi masa albishir cewa za a karanta labarinsa a gaban jama'a. Tsoho har ya ba da hularsa wanki.

Da Laraba ta zo, ta miƙe ta karanta: "Kakana mutumin kirki ne. Yana da kyau. Aikinsa ma yana da kyau."

Fensir ya zana da'ira, ya sa mata ƙafa biyu, ya karkaɗe hannu.

"Kai, wannan kakana ne ko ƙwai?" in ji Auta.

"Abin da kika ba ni ke nan. Ko hanci ba ki ba shi ba."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta yi murmushi ta ce, "Je ki sake, 'yata. Ki nemo masa kalmomi."

Auta ta ari ƙamus ɗin yayanta, ta tsinto manya-manya. Mako na gaba ta karanta da ƙarfi: "Kakana gwarzo ne, haziƙi, mashahuri, fitaccen dattijo mai daraja!"

Fensir ya ɗan yi tunani, sannan ya zana wani ƙwan da ya cika allo.

"Ya dai ƙara girma," in ji shi.

Auta ta koma kujerarta ta zauna. Ranar iyaye ta matso, hula ta bushe har an goge ta.

Da aka tashi, Malama ta tsayar da ita. "Yaya kakanki yake tafiya?"

"Tafiya kawai yake yi, Malama."

Sai Malama ta miƙe. Ta je ƙofa tana ɗingishi, ta dawo tana taƙama, ta sake zuwa tana jan ƙafa, ta dawo da sanɗa. Kowace ta yi, sai ta rubuta sunanta a allo.

"Wacce ce tasa?"

Auta ta fara dariya. "Sanɗa! In zai saci sukari a bayan idon Mama."

"To kin gani. Yau ki bar ƙamus ya huta. Ki zauna ki kalle shi. Abin da ba ki san sunansa ba, ki tambaya."

Da yamma ta ja kujera ta zauna a bakin ɗakin ɗinkin.

"Ke, lafiya kike ƙare mini kallo haka?" in ji Kaka.

"Aikin makaranta nake yi."

"Ni ne aikin? Lallai malaman zamani sun rasa abin yi."

Ta dai ci gaba da kallo, tana tambaya, yana amsawa yana mita.

Laraba ta uku, ta karanta a hankali: "Kakana yana ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, kafin ya zura zare a allura. Hannun ɗayan ya karye, ya ɗaure shi da jan zare. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko a wurin cin abinci. In keken ɗinki ya cije, lallashinsa yake yi, yana ce masa, 'Haba abokina, mun tsufa tare.'"

Alli ya yi ta ƙara a kan allo. Fensir har yana cewa, "Dakata, dakata, ban gama tabarau na biyu ba!"

Ranar iyaye, labarin Auta na cikin waɗanda aka zaɓa. Ba ta kai rabin karatun ba mutane suka fara waiwaye, har idanu suka tsaya kan wani tsoho mai gogaggiyar hula da jan zare a gefen kunne. Da ta iso wurin sukari, Mama ta juya ta harare shi.

A hanyar gida ya ce, "Kin tona mini asiri, 'yar nema." Amma takardar tana cikin aljihunsa, ya ninke ta da kyau, kuma ya ƙi bayarwa.

A ranar Auta ta gane cewa kalmar da ta dace ita ce wadda za ta sa wanda bai san kakanta ba ya gan shi.