Wuyan Hannun Amaryata

Duk gidanmu babu wanda ban koyi aikin jinya a jikinsa ba. Na gama makarantar koyon aikin nas, ina jiran jarrabawar lasisi, wadda in ba ka ci ta ba, takardar makarantarka sai dai ka yi fifita da ita, don ba asibitin da zai bar ka ka taɓa ko auduga. Kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, akwai ta aiki, inda za a kai ka gaban mara lafiya na gaske, wata tsohuwar nas ta tsaya a kanka tana kallon hannunka. Ta rubutun ba ta dame ni ba. Ta aikin ce ta hana ni sakat, don ni ga saurin hasala, ga shi da an zuba mini ido hannuna ke fara rawa.

Sai na mai da mutanen gida majinyata. Umma na dame ta da abin awon jini har ta rantse in na sake matso ta da robar nan sai ta kwaɗa mini ludayi. Ƙannena da sun hango ma'aunin zafi a hannuna sai kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gudu na ba, Kaka, mahaifiyar Umma, da ke ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Ni ne jikanta na fari, tun ina rarrafe take ce mini Maigida, ni kuma in ce mata Amarya.

"Maigida, yau ma hannu rabbana ka shigo?" in ji ta, in ta gan ni da abin sauraren ƙirji a wuya. "Miji ba cefane, sai igiyar saƙalawa a kunne."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kin ƙi mutuwa ki bar mana ɗaki, kuma har kina neman cefane?"

"In mutu in bar wa wa kai? Wace ce za ta kwashi waɗannan ƙafafu kamar na zalɓe?"

Sai ta miƙo mini hannu. Bugun jijiyarta siriri ne, yana tafiya yana tuntuɓe, amma da na ɗora yatsu uku a wuyan hannun nake samun sa. Da shi na ƙware, har nake yi wa abokan karatuna cika baki cewa a kawo mini tsohon da ya fi kowa bushewa a asibiti.

Wata rana da hantsi ina ɗakin karatu na cikin gari, Umma ta kira ni a waya tana kuka, ban fahimci komai ba sai "Kakarka, Kakarka." Kafin in iso gida har kukan ya tsaya. Na tarar da Kaka zaune a bakin gado, zane a cinyarta, Umma kuma tsaye a ƙofa ta ƙi shiga. A tsakar gida ta ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa. Ta shiga da shayi ta same ta kwance a ƙasa. Ta kira, ta jijjiga, jiki ya saki. Ta ja zane ta rufe ta har fuska, ta fita kiran maƙwabciya. Da suka dawo, sai ga ta zaune, tana tambaya ko Maigida ya yi jarrabawar.

"Suma ce," na ce, da isa irin ta sabon ɗan makaranta. "Ku kuma da an kwanta sai ku jawo zane. Ku tashi mu kai ta asibiti."

Kaka ta ce ba inda za ta, ga asibiti a gida yana cin abinci kyauta.

Na kama wuyan hannunta. Ban ji komai ba. Na matsa sama, na matsa ƙasa, na canja hannu, na sa yatsu a gefen wuyanta. Shiru. Na ce wa kaina gudun da na sha ne, bari in huce. Washegari na dawo, haka. Jibi ma haka. Na ɗora abin saurare a ƙirjinta, ba abin da nake ji sai jinina da ke kai-komo a kunnena. Na ɗaura mata abin awon jini, allurar ta sauko sumul ba ta ko girgiza ba. Ma'aunin zafi ya fito daga hammatarta kamar yadda ya shiga. Haushi ya sa na maka shi da bango, na ce kayan araha ne, 'yan kasuwa sun cuce ni.

Amma yatsu ai ba a kasuwa na saye su ba. Tsoro ya kama ni, kuma tsoron jarrabawa ne, ba wani ba. Ɗakin da ake kai mu gwajin aiki cike yake da tsofaffi. In aka ba ni tsoho na tsaya ina lalube kamar mai neman allura a tabarma, shi ke nan, na faɗi. Sai na ƙara naci. Kullum da la'asar ina ɗakinta, hannunta a nawa, sanyi ƙalau kamar bakin tulu.

"Ka samu?" ta kan ce.

"Kin ɓoye shi ne don mugunta."

"Kai dai ba ka iya ba. Ci gaba da nema."

Akwai abubuwan da na gani na kau da kai. Kofin shayinta yana dawowa cike, ya yi yana a sama. Umma, da ke fitar mata da fo na fitsari kowace safiya, ta daina, kuma ba ta ce wa kowa komai ba. Sauron ɗakin nan, da Kaka ke tsine wa tun ina yaro, ni kaɗai yake ci yanzu. Na ga wani ya sauka a bayan hannunta, ya ɗan tsaya, ya tashi ya dawo kaina. Da baƙar maganar nan ta "kin ƙi mutuwa" ta zo bakina, sai in haɗiye ta, har na bar yin ta.

Ana gab da jarrabawa nake bitar ƙidayar numfashi. Akwai dabarar da ake koya mana. Ba a gaya wa mara lafiya za a ƙidaya numfashinsa, don da ya sani zai canja shi. Sai ka riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jijiya kake ji, ka sa agogo a gabanka, amma da wutsiyar ido ƙirjinsa kake kallo. Na ce yawwa, ko ba komai wannan dai ba ya buƙatar yatsu.

Tsakar rana ce, haske ya shigo ta taga ya kwanta a kan rigarta, ina ganin kowane zare. Na riƙe hannun, na duƙar da kai ga agogo, na saci kallon ƙirjin. Sandar daƙiƙa ta zagayo ta dawo inda ta tashi. Rigar ba ta motsa ba. Na bar ta ta sake zagayowa. A waje famfo na ɗiga a bokiti, wani yaro na buga ƙwallo a bango. Idon Kaka a buɗe, yana kan fuskata, ba ya ƙiftawa.

Sai na ga ƙirjin ya ɗaga a hankali, iska ta shiga da ƙara kamar an buɗe tsohuwar akwati.

"Ka gama?" ta ce.

Iskar ta fita tare da maganar, ƙirjin ya koma ya kwanta. Ashe ba ta jan numfashi sai za ta yi magana.

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na dai tsinci kaina a bakin famfo ina wanke hannu, ina sake wankewa, ina ce wa kaina ni ne ban iya ba. Wallahi ranar nan babu abin da nake so a duniya kamar a ce ni daƙiƙi ne.

Jarrabawar rubutu ta zo ta wuce. Ranar ta aiki aka jera mu a baranda cikin fararen kaya, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Mai jarraba ni wata doguwar nas ce mai furfura, ba ta dariya. Ta kai ni gadon wani tsoho da ya bushe har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, ta ce in auna shi. Na gaishe shi, na nemi izini, na ɗora yatsu.

Nan take ya buga. Ƙarami, a gajiye, amma ga shi nan, tif, tif, tif. Hannun da ɗumi. Ƙirjin na tashi yana sauka shi kaɗai, ba wanda ya sa shi. Lafiyar yatsuna ƙalau.

Hawaye ya zubo mini a kan agogo. Nas ɗin ta ce, "Kai, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na faɗa mata abin da na samu, ta auna da kanta, ta gyaɗa kai. Sauran aikin duk na yi shi hannuna bai yi rawa ko sau ɗaya ba, don hankalina ba ya wurin balle ya ji tsoro.

Da na koma gida na wuce ɗakin ƙarshe kai tsaye. Na zauna a ƙasa, ban nemi hannu ba.

"Amarya, me kike jira?"

Ƙirjin ya ɗaga. "Kai nake jira mana. In ji an ce ka ci."

"In kuma na faɗi fa?"

"Sai ka sake. Ai ba sauri nake ba."

Na san rai a hannun Allah yake, ba sai wani ya tuna mini ba. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa.

Sakamako ya iso ta waya wata safiya, ina tsaye a ƙofar kicin. Na ci. Umma na yanka albasa, ta dubi fuskata ta gane. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ce barka ba. Ta ajiye wuƙar ta kama rigata.

"Kada ka gaya mata."

"Umma..."

"Na ce kada ka gaya mata! Kai kakarka ce, ni uwata ce. Ni na ja zanen nan na rufe ta, na san abin da na taɓa. An dawo mini da ita, kai kuma za ka shiga da bakinka ka sallame ta?"

Raina ya ɓaci, na ce, "Mutumin da ba ya ci, ba ya sha, ba ya barci, shi ne aka dawo miki da shi?"

"Tana kiran sunana," in ji Umma. "Da safe in na leƙa tana kiran sunana. Ya ishe ni."

Na bi maganarta, na daina zuwa ɗakin, in zan je famfo sai in zagaya ta bayan igiyar shanya. Abokan karatuna na ta kira a yi murna, na kashe wayar. Amma ɗakin ƙarshe ba shi da nisa. Kullum da la'asar sai in ji ƙarar iskar nan tana shiga, sannan muryar: "Maigida, shiru?" Kuma kullum muryar na ƙara nisa, kamar daga cikin rijiya.

Ran nan na kasa daurewa na leƙa. Tana nan zaune inda na bar ta, yadda na bar ta. Leɓɓanta sun tsage. Ta daɗe tana kokawa kafin ƙirjin ya ɗaga.

"Na gaji, Maigida," ta ce. "Jan iskar nan ma aiki ne. Su masu jarrabawar ba su da tausayi ne?"

Ba zolaya a ciki. Tun da nake ban taɓa jin ta yi mini magana ba zolaya ba.

Na koma kicin na ce, "Umma, ta ce ta gaji." Umma ta rage wuta, ta goge hannu a zane, ta biyo ni. A bakin ƙofa ta tsaya.

Na durƙusa gaban gadon. "Amarya, sakamako ya fito. Na ci."

Ƙirjin ya ɗaga, ya ɗaga, fiye da yadda na taɓa gani.

"To, madalla," ta ce. "Yanzu sai a fara cefane." Ta juya ido wajen ƙofa ta kira Umma da sunan da ita kaɗai ke kiran ta da shi, ta ce, "Zo ki kwantar da ni, bayana ya ƙage."

Mu biyu muka kwantar da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta rufe ido.

Muka yi tsaye. Can Umma ta ce, "Ta tafi?"

Na kama wuyan hannun, babu bugu. Na kalli ƙirjin, ba ya motsi. Na taɓa goshin, sanyi. To ai jiya ma haka yake, shekaranjiya ma haka. Duk abin da aka koya mini, duk abin da aka ba ni lasisi a kansa, babu wanda zai raba mini yau da jiya.

"Kai ne nas," in ji Umma. "Ka faɗa mini."

Sai na sunkuya daidai kunnen Kaka, na ɗaga murya yadda ba za ta ce ba ta ji ba.

"Tsohuwa, na samu aiki, na fi ƙarfinki. Na sake ki, ki tattara kayanki!"

Muka zuba wa ƙirjin ido, ni da Umma, muna jira ya ɗaga ta rama. Muka yi ta jira.

Na ce, "Umma, miƙo zanen."