Geron Irin Ilu

Ranar da labari ya iso wa Tabawa a Sule Tankarkar cewa mijinta Ilu ya rasu a hanyar Maigatari, shekarar fari ce, rumbu wayam. Ɗan damin geron iri kaɗai ya bari. Ta kasa zama, ta shiga ta fita, yara na kuka.

Uwar mijin ta ce, "Ke 'yar nan, sussuke shi mu ci."

"Iya, in mun ci, me za mu shuka? Dawar agaji ba ta san ƙasarmu ba."

Da tafasa da zogale ta riƙe gidan har damina, amma autarta ba ta kai ba. Har yau, kafin ta zuba gero a turmi, sai ta ɗebi cikin tafi ta ajiye gefe.