Sama da Wuyan Riga

…kuma ni ce mai fifita wutar. Ni. Duk matan gidan nan Goggo Dije ba ta ga wadda za ta miƙa wa mafici ba sai matar ɗanta. Fifita, Zuwaira, gawayin bai kama ba. To ga shi ina fifitawa, Goggo. Ga ƙusoshin Malam Arzika kwance cikin garwashi, kawunansu sun fara ja — ƙusa, irin wadda ake buga wa ƙofa, ita za a ɗora a naman mutum a kira ta magani. Lalas. Ko raƙumi sai an ɗaure shi kafin a yi masa, amma kai, Rufa'i, kai ka aika aka kira shi. Da bakinka.

Ba ka ko dube ni ba.

Kana zaune a tabarma, ka ba ni baya. Bayan nan da na fi kowa sani. Wa ke soya rairayi a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta ɗora maka kullum da asuba? Wa ta cire ƙyauren ɗaki ta shimfiɗa a kan angarib, gadonmu na saƙa, don igiyar gadon tana lotsawa da kai? Har yau ɗakinmu labule ne kawai. Man riɗi mai ɗumi, yatsa biyu, a hankali, a hankali… a ƙasan allon kafaɗarka na hagu akwai wani ƙulli kamar ƙwallon dabino, in na danna sai numfashinka ya tsaya. A ƙugu, daidai inda ɗamarar soja ta zauna. A gindin wuya. Ni ban yi makaranta ba, da takardun ƙunshin gyaɗa na koyi haɗa baƙi, amma wannan bayan na sauke shi kamar allo.

Man riɗi… ƙamshinka ke nan tun asali. Daga wurin matsar mai a kasuwar Gadarif kake biyowa ta ƙofarmu, tsohon littafi a aljihu, bangonsa ya jiƙe da maiƙo. Karanta ki ba ni labari, ka ce, ni raƙumin da ke juya turmin matsar mai ya cinye mini ido. A littattafan nan sojan yana dawowa, masoyiyarsa ta ruga, ya ɗaga ta sama. Ba wanda ya rubuta cewa zai ce kar ki taɓa ni, don Allah, kar ki taɓa ni tukuna.

Ja ya kai tsakiyar ƙusar.

Wa ya tambaye ka ma? A tasha sojoji suka tare motarku, suka sauke duk mai gashin baki, sai sansani, sai Kudu. Jihadi, suka ce. Akwatunan harsashi a ka, cikin taɓo, wata da watanni, sannan babbar mota ta kife da ku ta danne ka da kayanta. Ba harsashi. Ba jini. Laifinka ke nan — ba jini.

Abdurrahman na maƙwabta da aka kwashe ku tare, shi bai dawo ba, sai aka yi masa biki. Bikin shahidi. Lasifika, rago, manya da motoci, aka ce wa uwarsa kar ta yi kuka, ɗanta ango ne a Aljanna, ta yi guɗa. Ta yi kuwa, na ji ta, guɗar da ta tsage a tsakiya. Goggo ma ta taya ta. Kai fa? Ka sauka a tasha ka tako gida a karkace kamar bangon da ruwa ya ci gindinsa, mutane suna shafa ka, alhamdu lillahi, ko ƙwarzane babu.

Ko ƙwarzane babu!

Likitan sojoji ya ɗaga hoton ƙashinka a taga. Ba komai, lafiya lau. Ƙwaya fara, safe da yamma. Wata ma'aikaciya ce kaɗai ta tsaya ta nuna maka: kwanta haka, ja gwiwa haka, yi tafiya kaɗan kullum, kar ka kwanta yini guda, zai ɗauki lokaci. Kuma yana yi! Wallahi yana yi, ni na gani, makon jiya ka juyo da wuyanka da na kira ka, ba ka juyo da dukan jikinka ba. Na shiga madafa na yi dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya. Wa zan faɗa wa? Wa ke yin guɗa don mutum ya waiwaya?

Ya zol, bawan Allah, saurayi da kai kana salla a kujera? Tsofaffin masallaci ke nan, su da suke sujada da ƙyar. Wakilin gonakin Simsim ya zo neman masu yankan riɗi, ya dube ka sama da ƙasa: mai ƙafa ɗaya ma ya hau mota, kai me ya same ka? Goggo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ubanka, in ji ta, ya yi noma har ya koma ga Allah, ban taɓa jin ya ce bayana ba.

Buta tana nan kusa da ƙafata. Cike. In na tuntsurar da ita cikin garwashin nan… hayaƙi, toka, salati, Goggo ta ce 'yar karatun banza ta haukace. Ta ce. Gyambo a kan ciwo, ƙuda a kan gyambo, wa zai wanke? Ina zan sa hannuna gobe da asuba in an ƙone mini wurin?

Malam Arzika ya durƙusa bayanka. Yana lalube da babban yatsa. Ya sauka gindin wuya, ƙarƙashin riga — nan ne, tsohon nan ya san aikinsa, ga shi kafaɗarka ta zabura.

“Nan ne, ɗana?”

“A'a, Malam. Sama.”

Sama? Ƙarya kake yi, Rufa'i, ba nan ba ne, ni na san…

“Sama kaɗan. Nan.”

Ka kama hannunsa ka kai shi ƙasan kunne. Wurin da ba ya maka ciwo. Wurin da nake sa fuskata. Ba ƙulli a nan, ba komai a nan, fata ce lafiyayya, sama da wuyan jallabiya, inda rawani ba ya saukowa, inda duk wanda ya tsaya bayanka a sahu zai…

Au.

Ashe ba magani ka aika a kira ba.

Na yi ta ɓoye maka shi. Labule, asuba, rufe baki, kar Goggo ta ji nishinka. Ina tsammanin sutura nake maka. Kai kuwa abin da kake nema kawai wani ya duba ya ce kai, sannu, ashe da gaske ne.

Ni na yarda, ai. Ni ban isa ba?

Buta. Ƙafata tana taɓa ta, sanyinta yana hawa ɗan yatsana. Turawa ɗaya. In na kashe wutar nan na ceci fatarka, gobe ka koma kujerarka a masallaci, ko ƙwarzane babu. In na bar ta…

Ka sunkuyar da kai iya inda yake sunkuyawa. Ka cusa gefen rawani a baki.

“Zuwaira,” in ji Goggo, “wutar tana mutuwa.”

Hannuna ya gaji. Ban san lokacin da ya ci gaba da fifitawa ba.