Hoton Malam Tambari

Sirajo ya fara koyon ɗaukar hoto ne a shekarar da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyensu. Shi da mahaifinsa suka sauka a birni, a unguwar Gidan Dahala, a gidan mijin yayarsa Wasila. Da ya gaji da zaman banza, sai ya samu wuri a situdiyon Gazali da ke Sabon Gari: ɗaki ɗaya mai shuɗin labule, da fitilu biyu a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da farar lema, da wata kujera mai fentin ruwan zinare.

Gazali ba mai yawan bayani ba ne. Sai ya ja fitila gefe ya ce, duba. Ya dawo da ita gaba ya ce, sake dubawa. A haka Sirajo ya gane abin da ake nufi. Idan haske ya zo daga gefe, yana bin fata kamar yadda hantsi ke bin kunyoyin gona, kowane ɗan rami sai ya yi inuwa. Idan ya zo daga gaba, ta cikin lema, kusa da fuska, inuwar sai ta ɓace, fata ta yi sumul, baƙi ya koma wankan tarwaɗa.

"Ba wanda ke zuwa nan don shi ga huskar da ya baro gida da ita," in ji Gazali. "Wagga huskar, madubi na nuna mai ita. Kai dai ka wanke mutum da haske."

Mai koyo yana bukatar wanda zai zauna masa ba tare da ƙosawa ba, kuma Sirajo yana da irinsa a gida. Mahaifinsa, Malam Tambari, manomin gero ne, baƙi, dogo, da tsagen Gobirawa daga gefen baki har kunne. Tun da aka baro ƙauye hankalinsa ya fara gushewa. Yakan yini a ƙofar gida yana tambayar masu wucewa ko an shayar da shanun huɗarsa. Bai taɓa zama gaban mai hoto ba sai lokacin katin zaɓe, katin kuwa ya ƙone tare da ɗakinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sirajo ya ɗauko shi a babur. Ya cire masa tsohuwar taguwarsa, ya sa masa babbar rigar da ake ara wa masu zuwa, ya kafa masa hula. Tsohon ya zauna a kujerar, hannayensa a kan gwiwa. Hotunan farko da fitila ɗaya Sirajo ya ɗauke su, daga hagu. Gazali ya leƙa bayan kyamarar ya yi tsaki.

"Wanga hoto ne ko gona ce anka yi wa huɗa? Jikoki kake son ka tsorata da shi?"

"Haka huskar take, Oga."

"Na sani, ai ina da ido. Goge su, ka matso da lema."

Sirajo ya goge. Ya kawo lemar gaba, ya kunna fitila ta biyu, ya sa farin allo a ƙarƙashin haɓar tsohon, ya ƙara haske kamar yadda aka koya masa. Hoton da ya fito na wani dattijo ne mai hasken fata da cikar kumatu, ba tsage ko ɗaya. Gazali ya jima yana kallo, sannan ya ce hannun Sirajo ya fara faɗawa. Da aka kai hoton gida Wasila ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba ya zama Alhaji ba a tahi Makka ba," ta ce, ta rataye shi a bango.

Ruwan farko ya sauka a wata safiya. Wasila na can tana tare ruwa a bokitai, tsohon ya tashi daga tabarmarsa ya fita. Wata maƙwabciya ta ce ta gan shi, ya ce mata za shi shuka kafin ƙasa ta sha iska. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa.

Sirajo ya buga hoton da yawa. Ya liƙa a bangon masallatai, ya kai tasha, ya kai asibiti da ofishin 'yan sanda, mijin Wasila kuma ya watsa shi ta waya. Duk inda Sirajo ya miƙa hoton, sai a karɓa da ladabi, a duba, a ce Allah shi bayyana Alhaji. A Ƙofar Dundaye wani mai shayi da ake kira Hayatu ya goge hannu a riga, ya riƙe hoton da kyau, ya ce irin wannan babban mutum da ya wuce ta nan da an sani.

Sirajo ya koma wurin Gazali ya roƙe shi ya gyara hoton a kwamfuta. Gazali bai yi masa ba'a ba a wannan karon. Ya rage haske, ya ƙara duhu, ya kusanto da kumatun har suka cika allon. Fatar ta yi baƙi, amma sumul take.

"Abin da fitila ta cinye, kwamfuta ba ta amayo shi," ya ce. "Na farkon nan fa, duk ka goge su?"

"Kai ka ce in goge, Oga."

Gazali ya kashe kwamfutar, ya ce ya tafi, kada ya damu da zuwa aiki sai an ga tsohon.

Wasila ce ta cire hoton daga bango ta kifa shi a kan akwati. "Ka bar nuna ma mutane wanga abu," ta ce. "Ka hwaɗa musu da baki. Baƙi ne, dogo, Bagobiri, yana cigiyar shanu."

Ya sake bin duk inda ya bi, hannu wofi. Da ya iso Ƙofar Dundaye bai gama magana ba Hayatu ya ajiye butar shayin.

"Mai shanu? Malam, ai nan ya zauna. Ni ke ba shi shayi da burodi." Ya dubi Sirajo sosai. "Ba kai ne ka zo da hoton wani Alhaji ba?"

"Ni ne."

"To, ran da ka zo, yana kwance cikin rumfar can ta baya, zazzaɓi ya kama shi. Da ka ce tsoho mai tsage, da na kai ka da hannuna."

Sauran bayanin mai unguwa ne ya yi shi, a zaurensa, cikin murya ƙasa-ƙasa. Zazzaɓin bai saki tsohon ba. An tambaye shi sunansa da garinsu, shi kuwa sunayen shanu yake ta kira. Da ya cika aka yi cigiya a masallaci, ba wanda ya fito, sai jama'ar unguwa suka yi masa sutura a matsayin baƙo, kafin la'asar. Mai unguwa ya miƙo masa taguwar a naɗe cikin leda. Sirajo ya buɗe, ya duba ɗinkin da Wasila ta yi a wuyanta, ya mayar.

Hayatu ya rufe teburinsa ya raka shi maƙabarta. Mai gadin wurin ya kai su layin ƙarshe, inda sababbin kaburbura suke jere. Ruwan da aka yi ta yi ya daidaita su, ba alama a kan ko ɗaya. Mai gadin ya nuna wani, sannan ya nuna na kusa da shi.

"Cikin waɗanga dai yake," ya ce. "Allah ya san nashi."

Sirajo ya cire takalmi ya tsaya a tsakanin biyun, ya ɗaga hannu. Da ya shafa, Hayatu ya tambaye shi ko akwai wanda za a kira a waya. Ya ce a'a, yayarsa na gida tana jira, gara ya je da ƙafarsa.